Bakin Aro: Abin da Na Gani a Kerala da Abin da Ya Same Ni a Gida

Mahaifina tela ne, kuma a shagonsa na koyi karatun labari. Bai yi boko ba, amma mutum ne mai son a karanta masa abu yana taka keke. Duk takardar da ta shigo hannunsa, ko da jaridar da aka naɗo ƙosai a ciki ce, sai ya miƙo mini ya ce, "Kai ɗan boko, me suka ce a nan?" In labarin rigima ne tsakanin mutum biyu na karanta masa, ba ya yarda a tsaya inda jaridar ta tsaya. Sai ya zare allurar da ke bakinsa ya ce, "To shi ɗayan fa, me ya ce?" Tun ina jin haushin tambayar har ta zame mini jiki.

Da ita na shiga rubutu. Ina gama kwalejin horon malamai na rubuta littafin soyayya, na ci bashi na buga, na ɗauka a buhu na kai wa 'yan kasuwar littafi a Kano. Wanda ya san harkar a wancan zamanin ya san tsarinta: kai za ka biya maɗaba'a, ka ba ɗan kasuwa kaya, in ya sayar ya ba ka, in bai sayar ba ya ce ka dawo wani satin. Ka raba labarin kashi uku don mai karatu ya dawo neman na gaba. Ban yi arziki ba, amma da kuɗin littafi na yi aure, kuma akwai lokacin da mata ke aiko mini wasiƙa suna faɗa da ni a kan kishiyar da na ƙi mayarwa muguwa. Sai waya ta shigo hannun kowa. Labarin da ka kwana kana rubutawa a tura shi kyauta, ɗan kasuwa ya ce maka takarda ta yi tsada, masu saye sun ragu. Na koma koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai tsakiyar wata.

A 2013 na samu tallafin karatun digiri na biyu a Indiya. Na bar matata da yara biyu da mahaifiyata, wadda a lokacin ciwon ƙafa ya fara zaunar da ita. Da na je sallama ta ce, "Ka je, Allah ya tsare. Amma ka sani ni ba na son doguwar tafiya." Na yi dariya na ce, "Inna, kamar yau ne za ki ga na dawo."

Indiyar da ke kaina ta fim ce. Wadda na tarar daban. Jihar Kerala aka tura ni, can ƙuryar kudu a bakin teku, babban birninta Thiruvananthapuram, wanda mutane da yawa ke kira da tsohon sunansa Trivandrum. 'Yan kalmomin Indiyancin da na tsinta a fim ba su yi mini amfani ba, domin su Malayalam suke yi. Ko'ina bishiyar kwakwa, ko'ina ruwa, jajayen tutocin 'yan gurguzu masu guduma da lauje a bakin titi, adaidaita-sahu kamar a Kano sai dai nasu da mita. Suna cin rogo da kifi, suna cin naman shanu, abin da ban zata ba. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne karatu. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 94 cikin 100 na mutanen jihar sun iya karatu da rubutu, kuma ba sai an faɗa maka ba: da asuba za ka ga ɗan dako zaune a teburin mai shayi ya buɗe jarida, in ya gama su hau gardamar siyasa. A unguwar Palayam, babban masallacin Juma'a da wurin bautar Hindu bango ɗaya ne tsakaninsu, coci kuma tana tsallaken titi. Nan nake salla, nan kusa kuma babban ɗakin karatu na jiha yake.

A jikin bangaye na riƙa ganin hoton wani mutum mai sumar kai, ga alamar tafin hannu ta jam'iyyar Congress a gefensa. Na tambayi wani dattijo Musulmi mai shayi da muka saba, ya ce ɗan majalisar tarayyarsu ne, Shashi Tharoor. Ya ƙara da cewa, "Irinku ne, marubuci ne." Wannan maganar ce ta kai ni ɗakin karatu neman littattafansa.

Tarihinsa ya tsaya mini a rai, domin ban taɓa jin marubucin ƙagaggen labari ya bi irin hanyar ba. A Landan aka haife shi a 1956, iyayensa 'yan Kerala ne. Yana da shekara 22 ya kammala digirin digirgir a Amurka, a shekarar 1978 kuma ya kama aiki da hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ya riƙe ofishinta na Singafo a lokacin da 'yan Biyetnam ke tserewa ta teku a ƙananan jiragen ruwa, daga baya ya yi aiki kusa da Kofi Annan. Duk yana wannan aikin yake rubutu da dare. Littafinsa na farko na ƙagaggen labari ya fito a 1989. Ya ɗauko tsohon labarin nan na Hindu, Mahabharata, ya zuba 'yan siyasar Indiya na ƙarni na 20 a cikin rigunan jaruman, ya yi musu ba'a son ransa, har da manyan jam'iyyar da daga baya zai shiga. Na biyu ya fito a 1992, a kan masana'antar fim ta Bombay. Na ukun, na 2001, shi ya fi kama ni. Rikicin addini ne a wani gari na arewacin Indiya a 1989, aka kashe wata Ba'amurkiya mai aikin sa kai a ciki. Bai ba da labarin da baki ɗaya ba. Ya bar shugaban masu kishin Hindu ya faɗi nasa, malamin jami'a Musulmi ya faɗi nasa, ɗan sanda da jami'in mulkin gundumar da iyayen yarinyar kowa ya faɗi nasa, ta wasiƙu da hirarraki da littafin sirri. Kana karanta maganar wanda ba ka ƙauna, sai ka ji ka fara gane inda ciwonsa yake. Na rufe littafin na ce da Baba yana raye, wannan ne marubucin da zai gamsar da shi.

A 2006 Indiya ta tsayar da shi takarar Sakatare Janar na Majalisar Ɗinkin Duniya, ya zo na biyu bayan Ban Ki-moon na Koriya ta Kudu, Amurka ba ta mara masa baya ba. Ya ajiye aikin a 2007, ya dawo gida, a 2009 ya ci kujerar Trivandrum da ratar ƙuri'a kusan dubu 100. Aka ba shi ƙaramin ministan harkokin waje, bai cika shekara ba ya sauka a Afrilun 2010 saboda cece-kuce a kan wata ƙungiyar wasan kurket ta garin Kochi. A 2012 aka dawo da shi ƙaramin minista a ma'aikatar da ke kula da ilimi. A haka na same shi. A Janairun 2014 jam'iyyarsa ta naɗa shi cikin masu magana da yawunta, kuma a cikin watan ne aka tsinci gawar matarsa a ɗakin wani otal a Delhi. Gidajen talabijin suka yi masa ca, dare da rana. Sai a 2021 kotu ta sallame shi daga tuhumar da aka yi masa.

A daidai wannan lokacin nawa ya fara. Alawus ɗin da ake turo mana ya yi jinkiri, sannan ya tsaya cak. In ka kira gida a ce fayil yana kan tebur. Bizar ɗalibi ba ta ba ka damar aiki, ko da ta ba ka, wa zai ɗauki baƙon da ba ya jin yaren gari? Na bar ɗakin da nake na koma wani ƙarami da muke raba haya da wani ɗalibi daga gabashin Afirka. Na koma cin abinci sau ɗaya. Na daina hawa mota, ina takawa. Akwai yunwar da ba ta cikin ciki kaɗai: ka zauna a aji malami yana magana a kan adabi, kai kana lissafin rupi nawa suka rage a aljihunka. In matata ta kira sai in gyara murya in ce lafiya lau. Ita ma ta ce lafiya lau. Kowa ya san ɗan'uwansa ƙarya yake yi.

Ana haka aka shiga zaɓen 2014. Kerala ta kaɗa ƙuri'a a Afrilu, aka bayyana sakamako ranar 16 ga Mayu. Jam'iyyar BJP ta Narendra Modi, mai alamar furen bado, ta kwashe kujeru 282 cikin 543. Congress, wadda ta yi shekara 10 tana mulki, ta tsira da 44 kacal. Tharoor ya sha da ƙyar, ratarsa ta faɗo zuwa dubu 15 da ɗoriya. Na ga jama'arsa suna ta harba tartsatsin wuta a titi, ni kuwa ko kuɗin shayi ba ni da shi. Dattijon nan ne ya ce in zauna in sha, in biya ranar da Najeriya ta tuna da ni.

Azumin shekarar ya faɗo cikin damina, kuma daminar Kerala ba irin tamu ba ce, ruwa ne da zai wuni ya kwana bai ɗauke ba. Masallatan can suna dafa kunun shinkafa mai kayan ƙamshi su raba wa masu buɗa baki. Wannan kunun ne ya riƙe ni wata guda. Ina zuwa da wuri in zauna a sahun baya da kwanon silba, kayana a jiƙe, in sha, a ƙara mini, wanda ya rage a zuba mini a leda in yi sahur da shi. Ba wanda ya taɓa tambayata daga ina nake. A goman ƙarshe yayana ya kira ni bayan la'asar ɗin can, ya ce, "Ka yi haƙuri, Inna ta cika." Na ce, "Yaya, me ya sa ba a faɗa mini jikin ya yi tsanani ba?" Ya ce ita ta hana, ta ce kada a ɗaga wa yaro hankali yana karatu. Kafin in gama fahimtar maganar an kai ta. Ko da ina da kuɗin jirgi ba zan samu jana'iza ba, amma da na samu zaman makoki, da na ga kabarin tun ƙasarsa ba ta bushe ba. Ba ni da shi. Na je masallaci na karɓi kununa kamar kullum, na kasa sha. Limamin ya lura, ya tambaye ni da Turancinsa mai wuyar ji, da na faɗa masa sai ya sa aka yi mata addu'a bayan magariba. Mutanen da ba su san sunan garinmu ba suka ɗaga hannu suna ce mata amin.

Watannin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. Barci ya ƙaurace mini. Na yi niyyar tattara kayana in dawo, matata ta ce, "Malam, in ka dawo hannu rabbana, wahalar da Inna ta ɓoye maka ciwonta dominta ta tashi a banza ke nan." Ta sayar da 'yan kunnen gwal ɗinta na aure ta turo mini.

Ranar 2 ga Oktoban 2014, ranar haihuwar Mahatma Gandhi, Modi ya ƙaddamar da gangamin tsaftace Indiya. Ya ɗauki tsintsiya da kansa, ya kuma ambaci mutum 9 da yake gayyata su shiga, cikinsu har da Salman Khan da Priyanka Chopra da ɗan kurket Sachin Tendulkar. Ya sa sunan Tharoor, ɗan adawa. Tharoor ya amsa gayyatar. Dama tun bayan zaɓe ya yi rubutun da ya yaba wa wasu take-taken sabon firaministan, 'yan jam'iyyarsa na Kerala suna cike da shi. Suka kai ƙara uwar jam'iyya, ranar 13 ga Oktoba aka cire shi daga muƙamin kakaki. Bai fasa ba, kafin watan ya ƙare ya je ya yi shara a bakin tekun Vizhinjam, unguwar masunta a mazaɓarsa.

Na yi gardama mai zafi da dattijo mai shayi a kan wannan. Ni ina ganin zalunci ne: shara ai ba ta da jam'iyya, kuma mutumin da ya iya shiga zuciyar abokin gabarsa a littafi, don me za a hana shi faɗin alherinsa a fili? Shi kuma, wanda tun yana saurayi yake bin Congress, ya ce mini ban gane ba. Ya ce ɗan majalisa yana iya faɗin ra'ayinsa, marubuci ma haka, amma kakaki ba a naɗa shi don ya yi ra'ayi ba; mutane dubbai sun sha duka a titi saboda tutar nan, ba za su kunna talabijin su ga bakinsu yana yabon wanda ya kayar da su ba. Na tashi ina ganin tsohon bai waye ba. A shekarar da ta biyo baya, da jawabin da Tharoor ya yi a Oxford kan cewa Birtaniya na da bashin mulkin mallaka a wuyanta ya karaɗe intanet, har Modi ya yaba masa a bainar jama'a, na koma na ce wa tsohon, "Ka gani ko?" Ya yi murmushi kawai ya ce ai a can ba da yawun jam'iyya ya yi magana ba.

Na kammala da taimakon 'yan'uwa, na dawo gida a kan gaɓar da tattalin arzikin Najeriya ya shiga mawuyacin hali a 2016, naira ta faɗi, buhun shinkafa ya gagari mai albashi. Takardar digirin Indiya ta yi ta yawo a ofisoshi ba ta samu wurin zama ba. Ga bashi a kaina. Da zaɓen 2019 ya ƙarato, wani da muka yi makaranta tare ya kai ni wurin wani babban ɗan siyasa a jiharmu. Ya ce ya ji na iya Hausa, na iya Turanci, na kuma yi karatu a waje. Suna neman mai magana da yawun jam'iyya a yaƙin neman zaɓe. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni marubucin labari ne." Ya ce, "To ai shi muke nema."

Ba zan ce na yi nadamar karɓa ba. Da wannan aikin na biya bashin Indiya, na mayar wa matata 'yan kunnenta, na sa yarana a makarantar kirki, aka ba ni mota. Wanda bai taɓa ɗaura kunun sadaka a leda ba yana iya yi mini wa'azi. Kuma aikin yana da daɗinsa: ka yi magana a rediyo da dare, da safe ka ji ana maimaita ta a majalisar masu shayi. Littafina bai taɓa kai wa nan ba.

Abin da ban sani ba shi ne yadda aikin ke cin mutum ta ciki. Da asuba za a turo maka abin da 'yan adawa suka faɗa, kafin hantsi ka fitar da martani. Ba a tambayarka ko gaskiya suka faɗa. Tambayar ita ce ta ina za a ɓullo musu. In namu ya yi abu, dalili ne. In nasu ya yi irinsa, laifi ne. Ga sojojin baka da ake ba ka ka riƙa ba su abin faɗa a gidajen rediyo. Ƙwarewar da na samu a rubutu ta shiga zuciyar mutum ta yi mini amfani ƙwarai, amma a juye: ina shiga zuciyar abokin hamayya ne don in gano inda zan soka. Wata rana da dare na ɗauko wani labari da na faro tun a Kerala, na ce bari in ci gaba. Na zo wurin da mugun cikin labarin zai kare kansa, sai na ga hannuna yana rubuta masa maganar banza don a yi saurin kayar da shi. Na yage, na sake, haka dai. Tambayar Baba ta daina zuwa mini. Mutanen da ke cikin kaina, waɗanda a da suke hana ni barci da gardamarsu, suka yi tsit.

A lokacin ne na lura da wani abu a tarihin Tharoor da ban kula da shi ba ina can. Shekarar da littafinsa mai bakuna da yawa ya fito, 2001, ita ce shekarar da aka ba shi riƙon sashen yaɗa labarai na Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tabbatar masa da shi a 2002 a matsayin mataimakin Sakatare Janar. Wato tun kafin ya shiga Congress, ya riga ya zama bakin wata hukuma. Daga nan ya rubuta littattafai da yawa, kan tarihi da mulkin mallaka da addinin Hindu da siyasa, jimillarsu ta haura 20, amma ƙagaggen labari bai sake fitowa daga hannunsa ba. Nasa dalilin shi ya sani. Ni dai da na ga haka sai jikina ya yi sanyi, domin irin littattafan da ya ci gaba da yi duk na kare hujja ne, kuma irinsu ni ma a lokacin zan iya rubutawa ido rufe.

Ana saura kwanaki zaɓe, ayarinmu da na 'yan adawa suka yi kiciɓis a wani gari, 'yan jagaliya suka far wa juna, aka kashe wani yaro. Ina ofis aka kira ni aka ce in fitar da sanarwa yanzu-yanzu cewa sun kashe mana ɗan jam'iyya. Na rubuta, ta fita kafin magariba. Su ma suka fitar da tasu, suka ce nasu ne mu muka kashe. Washegari aka tura ni cikin tawagar ta'aziyya da ambulan a aljihu. Gidan ƙasa ne, zauren ko tabarmar kirki babu. A jikin bango ga baron da yake tura rake, da sauran rake a ciki ya fara bushewa, wuƙar tana soke a jikin ɗaya. Mahaifinsa ya ce yaron ko katin zaɓe ba shi da shi, shekarunsa ba su kai ba. Ya ga taro ne ya ce bari ya je ya yi ciniki. Aka shigar da mu gaishe da mahaifiyar. Ta ɗago ta ce, "Ɗana, ku ne masu magana a rediyo? Jiya na ji an ce naku ne, na ji an ce nasu ne. Don Allah ku bar mini shi, nawa ne."

Da daren aka sa ni a shirin rediyo kai tsaye, aka ce in ƙara matsa lamba. Mai gabatarwa ya tambaye ni wa ya kashe yaron. Na ce yaron mai sayar da rake ne, ba ɗan kowace jam'iyya ba ne, ban san hannun wa ya kashe shi ba, kuma matasanmu da nasu duka suna ɗauke da makami a ranar. Ban shirya faɗin haka ba, ban kuma ji wata jarumta ba. Gumi kawai nake yi. Kafin in fito daga ɗakin shirin wayata ta cika da kira. Shugaban kwamitin ya ce mini, "Malam, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba mu ɗauke ka alƙali ba." Kusan maganar dattijon Kerala ce, da Hausa. Da safe direba ya zo ya karɓi makullin mota.

Abin da ya biyo baya ya fi korar ciwo. Yaran da ni na koya wa yadda ake jera magana suka hau rediyo suna cewa an saye ni. 'Yan adawa suka aiko a ɗauko ni in zo in tona asiri, na ƙi, su ma suka ce munafuki ne ni. Wayar da ba ta hutawa ta yi shiru. Mutanen da ke cika ƙofar gidana da safe suka ɗauke ƙafa, har wanda ya kai ni wurin ya daina amsa sallamata. Hawan jini ya kama ni, na faɗi a banɗaki, na yi jinya. Matata ba ta taɓa ce mini na yi daidai ko ban yi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ka sha maganinka." Ta koma saƙa da sayar da kayan miya a gida.

A nan ne na ga inda misalin Tharoor ya ƙare mini. Shi da aka cire shi daga kakaki, kujerarsa ta majalisa tana nan, mutanen Trivandrum ne suka ba shi, ba ofishin jam'iyya ba. Sun sake zaɓensa a 2019 da 2024, karo huɗu ke nan a jere. A 2022 har takarar shugabancin Congress ya yi, Mallikarjun Kharge ya kayar da shi da ƙuri'a 7,897, shi yana da 1,072. A 2025, bayan arangamar Indiya da Pakistan, gwamnatin Modi ta zaɓe shi ya jagoranci ɗaya daga cikin tawagogin da suka zagaya ƙasashe har Amurka suna bayyana matsayin Indiya, alhali jam'iyyarsa ba ta sa sunansa cikin waɗanda ta miƙa ba. Aka sake sabon ƙorafi a kansa. Mutum ne mai suna a duniya, mai masu karatu, mai mazaɓa. In ya saɓa wa jam'iyya, labari ne a jarida. Irina in ya saɓa, kuɗin makarantar yara ne ke tsayawa. Har yanzu ina ganin ya yi daidai da ya ɗauki tsintsiyar nan, kuma har yanzu ina ganin tsohon mai shayi bai yi ƙarya ba.

Yanzu ina koyar da adabi na wucin gadi a wata kwaleji, ana biya in an ga dama. Rubutun ya fara dawowa, a hankali ƙwarai. Labarin da nake kai a kan wani yaro mai rake ne, kuma babin da ya fi ba ni wuya shi ne na yaron da ya sare shi, domin sai na zauna na saurare shi, shi ma ɗan wata ne, an ba shi ƙwaya da naira dubu. Na gama wannan babin, ban kai rabin littafin ba, kuma ban san wa zai buga ba.

Kwanan baya wani ɗan takara daga wata jam'iyyar ya aiko mini. Ya ce ya ji abin da ya faru, irina yake so, mai gaskiya, kuma ba zai taɓa sa ni faɗin abin da ban yarda da shi ba. Na farkon ma haka ya ce. Kuɗin da ya ambata ya ninka abin da nake samu a kwaleji sau da yawa, babbar 'yata kuma bana za ta shiga jami'a. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi, ya ba ni lokaci in yi shawara da iyalina. Matata ta ce in fara zuwa a auna jinina tukuna.